Shekarar da Na Riƙe wa Inna Mazari

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. Ni ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda ya fito daga bakina. Na san abin da kuka taso kuna ji a Kurfi: wai kakarku Hajara ta yi yaji shekara guda cur, ta bar yaro ɗan shekara biyu a hannun uwar miji, ta tafi birni. Tafiyar gaskiya ce, shekarar gaskiya ce, yaron ma gaskiya ne. Yajin ne ƙarya. Ga yadda aka yi.

Mahaifiyata, Inna, mutuniyar Tamawa ce, kuma a zamaninta ba macen da ta kai ta iya kaɗi a yankinmu. Masaƙa tun daga Kurfi har Karofi sukan aiko a ajiye masu zarenta tun auduga tana gona. Haka na buɗe ido na gan ta: zaune bakin ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe, hannun hagu a sama riƙe da auduga, hannun dama yana murza mazari a ƙasa, tana dangwalo farin alli da yatsa don kada zaren ya zame mata. Ba mai yawan magana ba ce. In kana son sanin ko lafiya take, sai ka saurari mazarinta. Yana da wani ɗan amo kamar na ƙudan zuma can nesa, kuma da shi muka yi barcin rana, mu duka 'ya'yanta.

A shekarar da sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu, ya ɗauki Baba, bayan kwana tara ya ɗauki autanta. Ni lokacin ina gidan kakanku a Kurfi da ɗan yarona ɗaya. Inna ta gama takaba lafiya, kowa yana yaba haƙurinta. Daga nan ta fara zuba wa auta tuwo tana rufewa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka sa ta a turu wata biyu har ƙafarta ta kumbura, aka cire. Wata rana da hantsi ta shiga gidan maƙwabta, ta goya jaririnsu, ta kama hanyar Dutsin-Ma wai za ta kai auta wurin magani. Da uban jaririn ya cim mata zai karɓi ɗansa, ta ɗauki itace ta karya mashi hannu. Magana ta kai gaban alƙali. Alƙali bai ce gidan yari ba, ya ce a kai ta gidan da hukumar gargajiya ta En'e ke tsare masu taɓin hankali a birni. Shekara biyu ko uku ke nan kafin Bature ya naɗe tutarsa.

Sai da ta yi wata shida a can sannan na samu zuwa. Yayana Sale, wanda ke sayar da hatsi a Dutsin-Ma, shi ya ɗauke ni a babbar mota mai bodin katako, muna zaune kan buhuna. Ban taɓa ganin katanga irin ta gidan nan ba. Ta fi mutum uku tsawo, an dasa mata fasassun kwalabe a bisa. Ƙofar ƙarfe, bayanta wata ƙofar ƙarfe. A ɓangaren mata akwai fili share tas, da itacen bedi guda ɗaya, da ɗakuna a jere an shafe su da farar ƙasa. Zan faɗi gaskiya don Allah na ji na: ba na ce ana dukansu ba, kuma ana ba su abinci sau biyu. Amma an aske kan kowa, an ba kowa zane iri ɗaya, kuma ba wani abu a gidan nan da hannu zai ɗauka. Ba wuƙa, ba allura, ba tsintsiya, ba taɓarya, ko igiyar shanya babu. Mata sama da ashirin waɗanda suka tashi da daka da surfe da ɗiban ruwa, an zaunar da su suna kallon inuwar bedi tana zagayawa. Wata na kuka, wata na zagin bango, wata na tafiya daga nan zuwa can kamar an aike ta. Ba yunwa ke cin su ba. Yini ke cin su.

Mai riƙe da makullan ɓangaren mata wata doguwar mace ce, Gwaggo Asabe. Ita ta kai mu wurin Inna. Inna na jingine da bango, ta rame, hannuwanta biyu a haɗe an ɗaure su da ƙyalle a bisa cinyarta. Na gaishe ta, ta kalle ni kamar yadda ake kallon mai wucewa a kasuwa.

"Gwaggo, me ya sa aka ɗaure mata hannu?"

"Don kanta aka yi, ɗiyata. Goga yatsu take a bango har su yi jini, sannan ta zauna tana ɗaga hannu tana saukewa tun safe har faɗuwar rana. Likita ya ce ciwon ne ya sauko mata a hannu."

"A kwance mata in gani."

"Ke kin fi likita ne?"

"Ban fi shi ba. Na dai riga shi sanin hannuwan nan."

Yaya Sale ya taɓa ni ya ce, "Hajara, kada ki jawo mamu magana. Mun gan ta, tana da rai. Mota ba ta jiran kowa."

Gwaggo Asabe ta yi tsaki, amma ta durƙusa ta kwance. Inna ta murza wuyan hannunta. Ta miƙa yatsa ta dangwali farar ƙasar bango. Ta miƙe ƙafafu. Ta ɗaga hannun hagu sama a hankali, na dama kuma ya sauka ƙasa ya yi murza ɗaya. Ta ja, ta ja, ta ja, ta sauke, ta naɗe. Ba komai a hannunta, amma wallahi ni na ga zaren. Na zauna a ƙasa.

"Gwaggo, kaɗi take yi."

"Kaɗin me? Ina audugar?"

"Kun karɓe. Bangon nan kuma alli take nema."

Gwaggo Asabe ta sake duban hannuwan Inna. Can ta ce, "Ni ɗiyar ɗan doka ce, a bariki na tashi. Zaren da na sani na kanti ne."

Wata Bafulatana mai suna Dije, wadda tun shigowarmu take ihu a gindin bedi, ta dakata ta ce, da muryarta lafiya lau, "Mu duk mun sani. Ba a tambaye mu ba ne." Ta koma ga ihunta.

Yaya Sale ya bi mota, ni na ƙi. Gwaggo Asabe ta ba ni tabarma a gidanta kwana uku, har ranar da likita ke zagayowa. Na je kasuwa na samo mazari da 'yar auduga shiɓaɓɓiya da alli. Likitan Bature ne, siriri, da tafintansa. Da farko ya ƙi ko a shigo da mazarin, ya taɓa tsininsa da yatsa yana girgiza kai. Gwaggo Asabe ta tsaya mani, ta ce ya duba sau ɗaya kawai. Aka kwance Inna. Na zauna gefenta da tazarar kamu uku, na fara kaɗi. Ita ba ta ko kalle ni ba, tana nata. Hannuna ya tashi, nata ya tashi. Nawa ya sauka, nata ya sauka. Ni da auduga, ita da iska, kamar mutum da inuwarsa. Ihun gidan nan duk ya ɗauke, har na ji amon mazarin yana bin bango. Baturen ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ban san me ya sa ba, kuma ban manta ba.

Sai Inna ta waiwayo. An ce wata huɗu ba a ji kalma a bakinta ba. Ta dubi zarena ta ce, "Ke yarinya, wannan zare ne ko igiyar ɗaure akuya? Kawo nan."

Na dubi likita. Ya gyaɗa kai. Na miƙa mata.

Bayan ta kaɗe audugar tas, tafinta ya gaya mani hukunci. Ya ce likita ya yarda ya yi kuskure, amma abu mai tsini ba ya kwana a gidan nan, zare ma ba ya kwana, don akwai waɗanda za su iya cutar da kansu da shi. Ma'aikata uku ne, ba za su iya tsare mace ɗaya yini guda ba. In akwai nata wanda zai shigo da mazarin da safe, ya zauna gefenta, ya fita da shi da la'asar, ya dangwala yatsa a takarda cewa ya ɗauki nauyin abin da ya faru, to an yarda. In ba kowa, za a mayar da ɗauri, don yatsunta sun fara ruɓa.

Na koma Kurfi da wannan magana. Ranar kasuwa ce, Yaya Sale ya zo a keke daga Dutsin-Ma. Aka zauna a tsakar gida: shi, da kakanku Malam yana gyaran ƙotar fartanya, da uwar mijina Iya, da ni a bakin murhu. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, yana wasa da ƙoƙo a gindin turmi.

Yaya Sale ya ce, "Ba ta san ki ba fa, Hajara. Ke da bango duk ɗaya ne a wurinta."

"Ta san mazari, Yaya."

"Sai ki bar ɗanki saboda tsinke?"

Yara ba sa shiga gidan can, kuma na san haka tun a mota. Malam bai ɗago kai ba ya ce, "Har yaushe?"

"Ban sani ba, Malam."

"In na hana ki fa?"

"Sai in zauna. Amma duk sanda na sa hannu a tuwo zan ga nata a ɗaure."

Ya daɗe yana buga ƙotar a ƙasa. Sannan ya ce, "Je ki. Sai dai ki sani, ba zan bi gida gida ina gaya wa mutane inda kike ba."

Yaya Sale ya karɓe da sauri. Ya ce shi ma abin da yake so ke nan. A Dutsin-Ma ya riga ya ce Inna tana wurin dangi ana mata magani, kuma yana da 'yan mata biyu da suka kusa aure, wa zai nemi jikar wadda ke bayan ƙofar ƙarfe? Ya ce in mutane sun tambaya, a bar su da abin da suka zata. Na san abin da za su zata. Na ce na yarda.

Iya ta ce, "Yaron ai dama nawa ne. Yaushe ɗan fari ya zama na uwarsa? Tashi ki haɗa kayanki, kin tsaya kina kallon turmi kamar za ki saye shi."

Ba turmi nake kallo ba, ita ma ta sani. Washegari da safe na fita. Yana tsakar gida, Iya na zaune, Malam na tsaye. Kunyar ɗan fari ta hana ni ɗaukarsa a gabansu. Na wuce ta gefensa, zanena ya shafi kansa, shi ke nan sallamar da muka yi.

Na dangwala yatsa a takarda. Na zauna gidan Gwaggo Asabe, ina mata daka da wanki da asuba, da hantsi in bi ta zuwa aiki da mazari a ƙugu. Abin da idona ya gani a wannan shekara, har yau yana nan a raina. Ban ce kowa ya warke ba. Akwai ranakun da Inna ke ƙin karɓar mazarin, ta yini tana kiran auta. Akwai ranakun da ake kulle wata a ɗaki tana dukan ƙofa. Amma da zarar amon nan ya fara, sai ka ga mata suna matsowa ɗaya bayan ɗaya suna zama, kamar kaji sun ji watsa tsaba. Da audugar kaka ta zo daga Tamawa da 'ya'yanta a ciki, na roƙi Gwaggo Asabe a bar su su riƙa cire 'ya'yan da yatsu, tunda wannan ba tsini. Aka bari. Mata goma sha suka zagaye tabarma, fararen tsibi a gabansu. Suka fara hira. Ashe wannan mai yin daddawa ce, waccan ungozoma ce, waccan 'ya'yanta bakwai. Wata da watanni Gwaggo Asabe tana kulle su tana buɗe su, ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Har gardama suka riƙa yi kan garin da ya fi iya fura, kuma na gane gardama ma lafiya ce.

Rana ɗaya ce na ga mutuwa da idona. Na juya zan sha ruwa, Dije Bafulatana ta yi wuf ta fizge mazarin daga hannun Inna. Ita ce aka ce ta soki mijinta kafin a kawo ta. Gwaggo Asabe ta daskare da makullai a hannu. Ni kuma yatsana ne a takarda. Dije ta riƙe shi tsininsa a sama tana huci, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta dangwali alli, ta ja zare kamu uku. Ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

Ta ce, "So nake in ga ko hannuna ya manta ni."

Inna ta duba zaren ta ce, "Ya fi na yarinyar nan."

Gwaggo Asabe ta yi dariya har da hawaye. Ita da kanta ta kai maganar gaban likita, ba ta ɓoye komai ba. Na zaci za a kore ni. Sai ga shi an ce in riƙa shigowa da mazari biyu.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Wata rana tana kaɗi ta ce mani, "Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar wata mata ce a Tamawa, Inna."

"In kin koma ki gaishe ta. Ki ce mata ta yi sakaci da hannunki."

"Zan gaya mata."

"Amma kina da zama. Ba kowace yarinya ke da zama ba."

Wannan ita ce albarkar da na samu, kuma na riƙe ta har yau.

Da damina ta kusa, ta canza zare. Ta riƙa yin wani siriri, fari sol, ba ta yarda kowa ya taɓa audugarsa sai ta sa an wanke hannu. Ta ce mani wannan kada a sayar, a kai wa masaƙi, ta faɗi yawan ƙwaryar da za a saƙa, wato falle nawa za a haɗa, ta ce kada a sa mashi baki ko ado. Na gane. Tsofaffin matan garinmu haka suke tanadin likkafaninsu, kuma ciwon da ya ɗauke mata sunan ɗiyarta bai iya ɗauke mata wannan ba. Na aika zaren Tamawa ta hannun direban motar Dutsin-Ma, masaƙin da ya saba da zarenta ya saƙa, ya ƙi karɓar ko goro. Likkafanin ya iso ana saura kwana ashirin ta cika. Tari ya kama ta da ruwan tsakiyar damina, ta kwanta kwana huɗu. Tana kwance hannuwanta na tashi suna sauka a kan tabarma, ba wanda ya ɗaure su. Ta cika da hantsi ranar Laraba. Ungozomar nan ta cikin gidan ta roƙa a bar ta ta taya mu wanka, aka bar ta. Da za a fita da Inna, matan suka jeru a bakin ƙofar ƙarfe da askakkun kawunansu, ba ihu, ba zagi, suna mata addu'a kamar a kowane gida.

To, ga abin da ya zama na kowa. Likitan an ce ya koma ƙasarsu bayan an sauke tuta, ban san sunansa ba. Gwaggo Asabe ta koyi kaɗi da girmanta, ba ta taɓa iyawa sosai ba, amma ta rataye mazarai biyun nan tare da makullanta, tana fito da su kowace safiya har ta bar aiki. Dije 'yan uwanta sun zo sun ɗauke ta bayan shekara uku, ta aiko mani da man shanu sau ɗaya. Yaya Sale ya aurar da 'yan matansa lafiya, ya je Makka, ya rasu a Dutsin-Ma. Kafin ya cika ya ce in yafe mashi, na ce ban riƙe shi ba, kuma mutuwarsa ce ta kwance mani baki. Malam ya karɓe ni ba tambaya, muka zauna shekara talatin da wani abu, bai taɓa yi mani gori ba, bai kuma taɓa wanke ni a gaban mutane ba. Allah ya jiƙansu duka.

Saura ɗan farina. Ranar da na dawo Kurfi, ya gan ni ya ruga ya ɓuya bayan Iya. Ita ya kira uwa har ta rasu. Ya taso yana jin yara suna ce mashi ɗan mai yaji, ni kuma kunya ba ta bar ni in zaunar da shi in gaya mashi ba, alkawari ma bai bar ni ba. Bai taɓa saɓa mani ba, abincina da tufana duk shi ne, amma in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsayawa. Yanzu furfura ta cika mashi gemu. Ku kai mashi takardar nan, ku karanta mashi tun daga farko, kada ku tsallake wurin turmi. Ku bari sai ba na wurin. In kun gama, ku ce mashi ƙofar ɗakina a buɗe take, kuma akwai tabarma daga ciki.